Ranar da Wayar Yaya Luba Ta Yi Shiru

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san abin da ake yi a ɗaki da abin da ake faɗa a tsakar gida. Wannan babin naki ne, ko da yake ƙannenki ma za su karanta. Ba zan iya zaunar da ke in faɗa miki da baki ba. Ke ce ta fari, ko sunanki ban taɓa kira ba. Karatuna aji huɗu ne sai allo, in kin ga kuskure ki gyara a zuciyarki. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ranar sunan ƙaninki na ji wata daga dangin babanki tana ce miki cikin wasa wai wayar Luba ta kusa kashe ki kina jaririya. Kika yi dariya, shekararki shida, ba ki gane ba. Wata rana za ki gane, ni kuma ba na so ki gane shi a karkace.

Bakwaini aka haife ki, cikin damina, a asibiti a Mafara. Da aka sallame mu aka kai ni gidanmu Bakura wanka, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Nas ɗin da ta sallame mu ta ja mini kunne a kan abu ɗaya: sanyi. Ta ce jikin irinki ba ya riƙe ɗumi da kansa, kuma in sanyi ya kama ki ba lalle ki yi kuka ba, sai dai ki yi lamo a ɗauka barci kike. Ta ce in ɗaure ki a ƙirjina, fata da fata, in riƙa taɓa ƙafafunki da cikinki. Inna, kakarki, ta ji wannan ta ce ita ba ta taɓa ganin an goya ɗa ta gaba ba, balle ɗan fari, amma tunda likita ce ta faɗa, to. Matsalar ita ce wanka. Safe da yamma sai an tafasa ruwa da ganye na shiga bayan ɗaki, kuma Inna ba ta yarda a yi shi sama-sama. Duk tsawon wannan lokacin kina kwance a gadonta cikin zannuwa, ita tana fama da itace jiƙaƙƙe, ni ina can ina watsa ruwa zuciyata na wurinki.

Yaya Luba ta zo kwana biyu da komawarmu. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma ita Goggo ce ta ɗauke ta riƙo zuwa Gusau tun tana ƙarama, can ta yi boko har ta karanci kwamfuta. A shekarar tana zaune Mafara, tana dasa wa manoman Bakolori wasu ƙananan na'urori a gonakin albasa da shinkafa, masu gaya wa mutum ta waya in ƙasa ta bushe. Ta dube ni kwana ɗaya, ta ga yadda nake fitowa daga wanka da sabulu a wuya don in taɓa ƙafarki. Ta hau mashin ta koma Mafara, ta dawo da wani abu kamar maɓallin riga a jikin zare mai laushi, da tsohuwar wayarta. Ta ce maɓallin yana auna ɗumin jiki yana aika wa wayar ta iska. Lamba za ta fito a fuskar wayar, in ɗumin ya sauka wayar za ta yi ƙara. Ta ce wannan ba ya maye hannuna, kuma ba ya maye abin da nas ta faɗa, na lokacin wanka ne kawai. Sannan ta ce in bar wayar inda ta aje ta, kada in latsa komai.

Inna ta ji ƙarar da aka gwada ta ce wannan ai kukan gyare ne, in shi ne mai reno to ta ga reno. Malam, babanmu, ya juya maɓallin a tafin hannunsa, ya tambayi ko akwai wuta a ciki mai iya ƙona fata. Yaya ta ce babu. Ya yi addu'a ya miƙo. Kullum da safe Yaya takan cire wayar daga cajin sola, ta kashe ta kunna, ta ɗora maɓallin a jikin randa har wayar ta yi ƙara, sannan ta ɗaura miki a wuyan hannu. Ni kuma kullum da la'asar in na kwance shi don in goge miki jiki, yakan huce a kan tabarma, wayar ta yi ta ƙara sai na mayar. Na saba da wannan har nakan jira shi.

Yanzu ga abin da ba a gaya miki ba. Ina tsoron ki mutu ba ni da hotonki. Duk wanda ya zo barka sai ya leƙa zanen ya yi shiru, sannan ya ce Allah Ya raya da wata irin murya. Ni ba ni da waya mai hoto, kuma da wane bakin zan ce wa Inna ko Yaya a ɗauka mini hoton ɗiyar fari? A gidanmu ko kallonki na cika yi sai Inna ta yi gyaran murya. To ranar wata Alhamis da hantsi, Yaya ta tafi gonaki wajen Maradun, Inna tana maƙwabta, na ɗauki wayar na shiga wurin hoto na ɗauke ki sau uku. Na koma inda lambar take, na ga tana nan tana motsi, na aje wayar daidai inda take. Da la'asar na kwance maɓallin, ya huce a tabarma, wayar ba ta ce uffan ba. Na lura. Na ce wa kaina wataƙila yau garin da zafi. Juma'a ban taɓa wayar ba, ta yi ƙararta. Asabar da Lahadi na sake ɗauka, ta sake yin shiru. A nan na san ba zafin gari ba ne, na kuma san in na faɗa sai an tambaye ni me na taɓa. Na ja bakina, tunda da safe in an kashe an kunna komai yana dawowa daidai.

Litinin kwana na uku ke nan ana marka. Na ɗauki hoto da hantsi, don kin buɗe ido duka biyu. Da yamma na tsaya a ƙofar ɗakin Inna da bokiti, ina so in ce mata yau wayar ba za ta yi ƙara ba, ta riƙa leƙa ki. Maganar ta zo har bakina ta koma. Itace ya ƙi kamawa, wankan ya ja lokaci. Da na fito na sa hannu cikin zanen, ƙafafunki kamar gindin randa. Na ba ki nono ba ki kama ba. Wayar tana gefenki, lambar ta koma ja, shiru. Na yaye rigata na manna ki a ƙirji, Inna ta lulluɓe mu da bargon Malam, Yaya da shigowarta ke nan ta fita cikin ruwan ta nemo mota. Kwana uku muka yi a asibiti. Allah Ya sa ba a makara ba, haka nas ta ce, kuma ba ta yi mana dariya ba da ta faɗa.

Babanki ya zo daga mahauta ko rigar aiki bai canja ba. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya dubi Yaya ya ce shi nama ya sani, bai san waya ba, amma ya san wuƙar da ta ƙi yanka ranar da ake buƙatarta ba a mayar da ita kube, jefarwa ake yi. Yaya ta ce yana da gaskiya. Daga nan ta zauna a barandar asibitin da kwamfutarta a cinya, da wayar, da maɓallin, da ledar ruwa mai sanyi. Ina hango ta ta taga. Ta ɗora maɓallin a kan ledar, wayar ta yi ƙara, ta rubuta a takarda. Ta ɗumama shi a hammatarta, ta sake. Ta nisanta su, ta kusanta su, ta bar cajin ya kusa ƙarewa, ta jiƙa zaren. Kowane karo wayar sai ta yi ƙara, ita kuma fuskarta sai ta ƙara ɓaci. Yini biyu tana wannan. Wata mai jinya ta ce mata tunda yanzu abin yana aiki ai shi ke nan, ta ce a'a, abin da ya lalace sau ɗaya bai gaya maka dalili ba zai sake, kuma ba za ta taɓa gyaran komai ba sai ta iya lalata shi da hannunta duk lokacin da ta ga dama. Abinci ma sai na aika mata sau biyu take ci. Ranar ta uku da azahar na fito da ke a ƙirjina na zauna kusa da ita.

"Yaya, in na faɗa miki wani abu, kada Inna ta ji."

Na gaya mata duka, ina kallon ƙasa. Na jira faɗa. Ba ta tambaye ni don me ba. Ta tambaye ni sau nawa, da waɗanne ranaku, da ko bayan hoton nakan koma inda lambar take, da ko lambar tana ci gaba da canjawa ko tsayawa take yi. Na ce tana canjawa, don na ga ta hau da na ɗauke ki, ta sauka da na kwance. Ta ce na tabbata? Na ce na tabbata, ranar Juma'a ce kaɗai ban taɓa ba, ita ce kuma kaɗai ta yi ƙara a tsakanin. Ta miƙo mini wayar ta ce in yi daidai yadda nakan yi, kada in rage komai. Na shiga wurin hoto, na ɗauki bangon asibiti, na duba hoton, na ɗan jima, na koma. Ta ɗora maɓallin a kan leda. Lambar ta sauka, ta yi ja. Shiru. Ta kashe ta kunna, muka sake, shiru.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ya lalace."

Ta ce ita tun da take gwadawa ba ta taɓa fita daga wurin lambar ba, shi ya sa ba ta gani ba. Na ce ta yi mini bayani yadda zan gane, don in san abin da na yi. Ta ce a cikin wayar ma'aikata biyu ne suke wannan aikin, kuma ba yarensu ɗaya ba. Wanda yake sauraren maɓallin, masu ƙera maɓallin ne suka rubuta shi da wani tsohon yare na kwamfuta da ake ce wa C. Wanda yake nuna lamba yana yin ƙara, ita ta rubuta shi da wani yaren, Java. Su biyun ba sa iya miƙa wa juna abu hannu da hannu, sai dai ɗaya ya ba ɗaya kwatancen inda abin yake aje a ƙwaƙwalwar wayar. Lambar da nake gani, nata ne yake zuwa yana tambayowa a kai a kai, shi ya sa ba ta tsaya ba. Ƙarar kuwa dabam ce. Ta rubuta ɗan guntun aiki wanda ba ya komai sai tayar da ƙara, ta ba wa na C kwatancen inda yake, ta ce masa in sanyi ya yi kada ka jira a tambaye ka, je nan ka taɓa.

Da ta ga ban gane ba sai ta kawo mini misalin tsohuwar Bafulatana mai kawo mana nono, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa. Ta ce a ce ni na nuna mata ƙwarya a bakin zaure da hannu, ma'ana kullum ki zuba nan. Ita ta riƙe wurin. Amma Inna ba ta san da shirin ba, ta zo shara, ta ga ƙwarya ba mai ita, ta kwashe. Tsohuwa ta zo, wurin yana nan, ƙwarya babu, ba ta da yaren tambaya, sai ta juya ta tafi. Ta ce yaren Java yana da mai shara irin wannan, mai kwashe duk abin da ya ga babu wanda ke riƙe da shi a ɓangarensa. Ba ya ganin cewa can ɗaya ɓangaren wani yana riƙe da kwatancen. In aka fita aka shiga wurin hoto, nan yake samun sarari ya yi shararsa. Ranar Litinin na C ya ji sanyin, ya je inda aka kwatanta masa a kan lokaci, bai tarar da kowa ba.

Na ce ashe ni ce. Ta rufe kwamfutar ta juyo.

"Kulu, saurara. Ni na aje ƙwarya ban gaya ma mai shara ba. Wannan abu ne da anka koya muna, na sani, na manta. Abin da ba shi jure uwa ta ɗauki ɗiyarta hoto ba a gama ƙera shi ba. Naki guda ɗaya na: kin gani kinka yi shiru. Shi kam kada ki sake, ko a gaban wa."

Gyaran kansa layi ɗaya ne, na gani da idona. Ta ɗaure ɗan guntun a jikin wani abu da ba ya gushewa muddin aikin yana kunne, yadda mai shara zai ga da mai shi. Na ɗauka an gama, ashe yanzu ta fara. Ta ƙara cewa in za a rufe aikin, sai an fara gaya wa na C ya manta da kwatancen kafin a saki guntun. Ta sa su biyun su riƙa gwada hanyar da kansu lokaci-lokaci, in saƙo bai iso ba wayar ta yi wata ƙara dabam. Sannan ta sa ni na zama mai ɓata mata aiki: in shiga hoto, in kira lambarta, in kunna karatu, in bar wayar ta yi duhu. Duk abin da na san mace za ta yi da waya in babu mai ganinta, ta ce in yi. Ta kuma kira manomanta ɗaya bayan ɗaya ta ce akwai irin wannan kuskuren a nasu, za ta zagayo ta gyara, alhali ba wanda ya yi ƙorafi.

Da muka koma Bakura, a zaure gaban Malam da babanki ta ce ta gano dalili, kuskure ne a rubutunta, ta gyara. Ba ta ambaci hoto ba. Ina bayan ƙofa ina ji. Babanki ya ce ya gode da gaskiyarta, amma kada a sake ɗaura wa ɗiyarsa. Maganar ta isa wurin baffanninsa masu noman albasa a Bakolori, uku daga cikinsu suka tuge na'urorinta suka aiko mata da su a buhu. Ta karɓa ta wanke musu laka ta jera a taga. Har yau ban ji ta yi ƙorafi a kai ba.

Kwana biyu ina wanka babu maɓallin, ina fitowa sau uku kafin ruwan ya ƙare. Marka ba ta ɗauke ba. Da babanki ya sake zuwa na aika a ce masa ina son magana, abin da mai jego ba ta cika yi ba a gidan iyayenta. Na tsaya a soron ciki na gaya masa hotunan, da ranakun da na ji shiru na ƙi faɗa, da yadda na tsaya da bokiti a ƙofar Inna. Na ce zan mayar da maɓallin, kuma ina so ya sani daga bakina. Ban taɓa ce masa zan yi abin da ya hana ba sai ranar. Ya ce in wani abu ya faru ni na sani. Bai gaya wa danginsa nawa ɓangaren ba, don ya rufa mini asiri, shi ya sa har yau rabin labarin suke da shi, kuma rabin duk a kan Yaya yake.

Bayan kamar kwana goma, da safe, ina tsakiyar wanka wayar ta ɗauki ƙara. Kafin in ɗaura zane na ji gudun Inna, ita da ba ta gudu ko akuya ta shiga rumbu. Ashe kin jiƙa zanenki ta canja miki da wani da ta ɗauko daga igiya, ta taɓa ta ji kamar ya bushe, alhali da sauran danshin damina a ciki. Cikinki da ɗumi, ƙafafun ne suka fara sanyi. Na manna ki a ƙirji, kafin kunu ya huce kin kama nono. Ko asibiti ba mu je ba sai ranar awo. Kuma da sassafen ranar na ɗauke ki hoto, Yaya tana tsaye tana riƙe mini labule.

Inna ce ta ba babanki labari da ya zo ranar Laraba, bayan ya huta da kasuwar Talata. Ta ce gyaren nan dai ya yi rana, kuma ita ce ta yi kuskuren zanen, kada a ɗora wa kowa. Ya miƙo ƙunshin gasasshen naman da yakan kawo mini na jego, ya fita, muka ji ya tayar da mashin. Can sai ga shi ya dawo da wani ƙunshin dabam, hanta da ƙoda, daga wurin wani abokin sana'arsa a bakin tasha. Ya ba Inna ya ce wannan na Malama Luba ne. Da can Luba kawai yake ce mata.

Yaya tana kan tabarma tana kwance ɗaya daga cikin na'urorin da aka maido mata. Ta buɗe ƙunshin ta ci yanka biyu, ta ce a gaya masa gishiri ya yi yawa, ta ci gaba da ci. Allah Ya saka mata da abin da ni ba zan iya ba. Kina ƙirjina a lokacin kina barci. Na sa hannu ƙarƙashin zanen na kama ƙafafunki duka biyu, da ɗumi.